Carlos Caszely, Ɗan Ƙwallon Da Ya Ƙi Ba Pinochet Hannu

Idan aka ambaci Carlos Caszely a ƙasar Chile, galibin mutane abin da ke fara faɗo musu a rai shi ne bugun fenareti da ya ɓarar a wasansu da Ostiriya a Gasar Cin Kofin Duniya ta 1982, alhali kuwa wannan bawan Allah, haifaffen birnin Santiyago a 1950, ya ci wa ƙasarsa ƙwallo 29, kuma shi ne ya fi kowa zura ƙwallo a Kofin Libertadores na 1973, lokacin da ƙungiyarsa Colo-Colo ta kai wasan ƙarshe. A ganina an tauye masa haƙƙi, domin darajarsa ta wuce abin da ƙafarsa ta aikata.

Ran 11 ga Satumba 1973 sojoji ƙarƙashin Janar Augusto Pinochet suka kifar da gwamnatin Salvador Allende, wadda Caszely bai taɓa ɓoye goyon bayansa gare ta ba, suka kuma mai da babban filin wasa na Santiyago kurkuku, inda aka tsare dubban mutane, aka azabtar da wasu, aka kashe wasu. Saboda haka ne Tarayyar Sobiyet ta ƙi zuwa buga wasan neman gurbin Gasar Cin Kofin Duniya ta 1974 a wannan fili cikin watan Nuwamba, sai 'yan wasan Chile, har da shi, suka fito babu abokan karawa, suka jefa ƙwallo a ragar da babu mai tsaronta, aka ba su nasara.

Sa'ad da tawagar ke shirin tafiya Jamus ta Yamma a 1974, Pinochet ya zo yi musu sallama, yana bi yana gaisawa da su ɗaya bayan ɗaya, amma da ya iso gaban Caszely, saurayin bai miƙa masa hannu ba. Wanda ya san yadda mutane ke ɓacewa a wannan zamani ba tare da tuhuma ko shari'a ba, shi zai fahimci girman wannan al'amari. A gasar kuwa ƙaddara ta faɗa masa, domin a wasansu da masu masauki alƙali Doğan Babacan ya ɗaga masa jan kati bisa ƙetar da ya yi wa Berti Vogts, ya zama mutum na farko da aka nuna wa jan kati a tarihin gasar. Daga nan aka yi shekaru ba a kiransa tawagar ƙasa, yana can Sifen yana taka wa Espanyol leda, har ya komo Colo-Colo a 1978, ya fi kowa cin ƙwallo a gasar ƙasar shekara uku a jere.

A 1988, da aka shirya ƙuri'ar raba gardama kan ko Pinochet ya zarce, wata dattijuwa mai suna Olga Garrido ta bayyana a talabijin cikin shirin masu adawa, ta ba da shaida da bakinta cewa jami'an gwamnati sun kama ta sun azabtar da ita, sa'an nan Caszely ya fito kusa da ita, ya sanar da al'umma cewa wannan mahaifiyarsa ce, kuma shi "a'a" zai zaɓa. Ran 5 ga Oktoba kusan kashi 56 cikin ɗari na masu zaɓe suka ƙi amincewa da Pinochet, ya kuwa sauka daga mulki cikin Maris 1990.