Ɗakin Ƙasa Ba Abin Kunya Ba Ne

Yau ga ni ɗauke da wata magana wadda ni kaina sai da na sha wuya kafin in gane ta.

Lokacin da za a kawo ni ɗakin miji a nan garin Illela, na rantse na kuma rantsewa ni ba zan zauna ɗakin ƙasa ba. Ina dalili? Ƙawayena su zo ganin ɗaki su tarar da ni cikin soro kamar wata tsohuwa? Haka bawan Allah nan ya ci bashi ya yi mini ɗakin bulo da rufin kwano. Na jera kwanoni da kumbuna, aka yi guɗa aka watse.

To da bazara ta kama, sai na san na yi wa kaina. Da azahar kwanon nan ya ɗau zafi, ɗaki ya koma kamar tanderu, ga goyo yana ta tsala kuka, ƙuraje sun feso masa. Ba shiri na ɗauki tabarma na nufi soron uwar mijina, wadda muke kira Inna. Ina shiga sai na ji sanyi kamar bakin randa. Inna ta dube ni ta yi murmushi ta ce, "Ɗiyata, mi ya koro ki daga gidan zamani?" Kunya ta rufe ni, na rasa ta cewa.

Daga wannan rana na fara tambaya, ita kuma ta fara ba ni labari. Ta ce kakan maigidana ne ya sa aka gina soron. Jar ƙasa aka haƙo, aka kwaɓa ta da ciyawa, aka tattake da ƙafa, aka bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, sannan aka mulmula tubali aka shanya a rana. Rufin kuwa azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Kaurin bangon shi ne sirrin sanyin, domin kafin zafin rana ya ratsa shi ya kai ciki, dare ya yi. Da hunturu kuma ɗumin da ya sha da rana shi yake saki da dare.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ta ce rabin aikin nan na mata ne. Maza ke ɗora tubali, amma daɓe namu ne. In za a yi wa amarya ɗaki, matan unguwa ke taruwa da madaɓai, a zuba tsakuwa da ƙasa, ana yayyafa ruwan makuba ana bugu ana waƙa, har ƙasa ta yi sumul tana ƙyalli. Makuba kuwa ba wani abu ba ne illa ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa, ruwansa ke hana ƙasa jin ruwa. Na ce ashe ilmi ne guda a hannun iyayenmu muke ta raina shi.

Wannan gini kuwa yana da dogon tarihi a ƙasar Hausa. A Zariya akwai Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a wajen shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Da ƙasa da azara kawai ya ɗaure bakan gizo ya tada rufi mai faɗi, har yau masana gini na zuwa kallo. Ga hasumiyar Gobarau a Katsina, ga Gidan Makama a Kano. A Agadas kuma masallacinsu mai doguwar hasumiya tun wajen 1515 aka kafa shi, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya.

Amma mu 'yan Illela ba sai mun je nesa ba. Mu da mutanen Ƙonni ai abu guda ne, Ingilishi da Faransawa ne suka ja iyaka tsakaninmu bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, magina ma irin ɗaya. In kin tsallaka kin yi arewa cikin jihar Tawa, akwai wani ƙauye da ake kira Yama. A 1962 mutanen garin suka yi shawarar gina masallacin Juma'a, suka ɗora aikin a kan wani magini ɗan garin, Alhaji Falke Barmu. Kowane gida ya kawo abin da yake iyawa, wannan ya yi tubali, wancan ya kawo itace, wasu suka ɗebo ruwa. A 1975 ya sake rufin ya ɗaure shi da baka ya yi masa tulluwa, daga 1978 zuwa 1982 kuma ya tada hasumiya huɗu, kowace da irin surarta. A 1986 wannan masallaci na ƙasa ya sami kyautar Aga Khan, ɗaya daga manyan kyaututtukan gini na duniya.

Ga kuma wanda zai fi yi muku daɗi. A garin Dandaji, duk cikin jihar Tawa, tsohon masallacinsu na ƙasa ya soma lalacewa. Sai wata mace 'yar Nijar mai ilmin zanen gini, Mariam Issoufou Kamara, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili 'yar ƙasar Iran, suka tsara yadda za a gyara shi ya zama ɗakin karatu, a kuma gina sabon masallaci kusa da shi da tubalin ƙasa da aka matse da inji. Aka nemo tsofaffin magina suka sa hannu, aka gama a 2018. Kun ji fa, mace ce ta je har Amurka ta yi karatu, ta dawo ta ce ƙasar nan da muke takawa ita ce ta dace da mu.

Na san wata za ta ce, to ai ɗakunan ƙasa ne ke rushewa da damina har su danne mutane. Gaskiya ne, ba na musu, kuma rai ba abin wasa ba ne. Sai dai mu tambayi kanmu, yaushe rabon a yi wa ɗakin yaɓe? A da, kafin ruwan farko kowane gida sai an hau soro an toshe tsaga, an gyara indararo, an ƙara ƙasa a gindin bango. Yanzu mun bar wannan. Wasu kuma sai su shafe bangon ƙasa da siminti, wai gyara. Mun gwada a katangar gidanmu. Simintin ya tsage, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe tana narkewa ba wanda ya sani, damina ta biyu sai ga ɓangare guda a ƙasa.

Bayan rasuwar Inna, Allah ya jiƙanta, 'yan uwan maigida suka ce a rushe soron a yi shaguna. Ni da na taɓa ƙin ɗakin ƙasa, ni ce na durƙusa na ce, "Don Allah Malam, a bar mana wannan." Aka sha fama kafin a sami tsohon maginin da ya san aikin, da ya zo kuwa hannunsa har rawa yake yi, kuma ya ce 'ya'yansa duk ba wanda ya gaje shi. Wannan magana ta tsaya mini a rai.

Saboda haka 'yar uwa, ban ce ki ƙi bulo ba in Allah ya hore. Abin da nake roƙo, in akwai tsohuwa a gidanku, zauna kusa da ita tun tana da rai, ki tambaye ta yadda ake jiƙa makuba da yadda ake daɓe, ki sa 'ya'yanki su gani. Ki tuna wa maigida da yaɓe tun kafin hadari ya haɗu. Kuma ranar da ƙanwarki za ta tare a ɗakin ƙasa, kada ki bari a yi mata dariya.

Ni dai bana da kaina na tara ɓawon ɗorawa buhu guda, ina jiran matan unguwa mu sabunta daɓen soron Inna. Allah ya sa mu dace, amin.