Wane ne ya jera lambobin faifan jifa?

Bayan da Luke Littler, yana ɗan shekara 17, ya ci kofin duniya na wasan jifa da ƙananan kibau a Landan a watan Janairun 2025, wani mai karatu ya aiko yana tambaya: me ya sa lambobin faifan suke a hargitse, 20 a sama, 1 da 5 a gefenta?

Hargitsin da gangan aka yi shi. Duk babbar lamba an maƙala mata ƙanana, 19 ma tana zaune tsakanin 3 da 7. Mai jifa yana tsaye nesa da faifan da mita 2.37, ya kanne ido ɗaya yana neman 20. Hannunsa ya ɗan goce kaɗan, sai ya tashi da 1. A mashayun Ingila, inda wasan ya girma, wannan jeri ne ya raba gwani da mai dogaro da sa'a.

Wanda ya ƙirƙiro shi kuwa, nan ake ja-in-ja. Labarin da ya fi yawo ya ce wani kafinta ne daga Bury mai suna Brian Gamlin ya tsara shi a 1896, ya rasu a 1903 bai yi masa rajista ba. Labari ne mai daɗin ji, littattafai suka yi ta kwafarsa daga juna. Sai masanin tarihin wasan, Patrick Chaplin, ya bi sawu, bai ga wata takarda da ta tabbatar an taɓa yin wannan mutum ba. Shi ya fi karkata ga Thomas William Buckle na garin Dewsbury, mai sana'ar lanƙwasa waya, wanda ɗansa ya ce shi ya jera lambobin a 1913.

Ni ma nan na tsaya. Gaskiya ne shaidar ɗa a kan mahaifinsa ba ta rasa son kai. Amma Buckle mutum ne da ya rayu, an san garinsa, an san aikinsa, kuma waya ce ake raba gidajen faifan da ita. Abin yana ci mini rai a ce suna marar tushe ya shafe mai gumi.

Faifan zamanin Buckle na itace ne, mai mashaya kan jiƙa shi cikin ruwa da dare don kada ya tsage. A shekarun 1930 kamfanin Nodor ya kawo na zaren sisal, talabijin ta ɗauki wasan a shekarun 1970, aka shiga zuba kuɗi. Lambobin dai ba wanda ya taɓa su, 20 tana nan a sama.