Daminar da Kakana Ya Ƙi Yanka

Turawan mulki sun daɗe suna tare wa 'yan mishan hanyar shiga masarautun Arewa, saboda alkawarin da Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna a 1903 cewa ba za a taɓa musu addini ba. Likita Miller na CMS ya samu zama a Zariya tun 1905, aka mai da mishan ɗinsu Wusasa a 1929, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ƙasar Katsina kuwa ta ƙofar jinyar kutare bishara ta shigo mata. A 1937, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka damƙa wa mishan ɗin SIM kula da kutare a Babbar Ruga, kamar yadda aka ba su Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato. Daga baya tashoshi irin na Matazu da Malumfashi suka riƙa tura masu bishara Hausawa cikin ƙauyuka, a ƙafa ko a keke. Ɗaya daga cikinsu ne ya iso gidan kakana, a karkarar Kutawa ta ƙasar Dutsin-Ma.

Kakana Bamaguje ne, kuma shi ne mai gida, wato wuƙar yanka a hannunsa take. Kafin a zuba iri yakan kai baƙar akuya gindin tsamiya ya yanka wa Uwar Gona. In yaro ya kwanta ciwo, ko aka yi rantsuwar ƙarya a gidan, jan zakara ne zai tafi. Babana ya ce tun yana ƙarami shi ke riƙe ƙafafun akuyar, yana kallon jinin na bin saiwa ƙasa tana shanyewa, tsoho kuma na kiran sunayen iskoki ɗaya bayan ɗaya. Ina jin zafi in na ji ana kiran waɗannan mutane jahilai. Sun san laifi ba ya tafiya a banza, dole wani ya ɗauki nauyinsa. Abin da ya gajiyar da su shi ne biyan ba ya ƙarewa: ka yanka bana, baɗi ma ana jiranka.

Nan maganar gicciye ta sami kakana. Mai bisharar bai ce masa jini banza ne ba. Ya buɗe Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura ta 9 da ta 10, inda aka bayyana yadda babban firist na Isra'ila ke shiga da jinin dabbobi kowace shekara a Ranar Kafara, da yadda Yesu Almasihu ya miƙa kansa sau ɗaya tak, hadayar da ba a maimaitawa. A koyarwar Kirista, zunubi ya raba mutum da Allah, mutum kuma ba shi da abin da zai biya. Sai Allah da kansa ya ɗauki biyan, marar laifi ya mutu a madadin masu laifi, tashinsa a rana ta uku ya zama shaidar cewa an karɓa.

Kakana ya ce, "Malam, to ni me zan kawo?"

Ya ce, "Baba, ba abin da za ka kawo. An riga an fanshe ka."

Tsohon ya san fansa da idonsa. Sai a 1936 doka ta kashe bauta gaba ɗaya a Arewa, kuma ya ga bayin da danginsu suka tara dukiya suka karɓo. Ya san wanda aka fansa ba a sake binsa kome.

Jarrabawar ta zo da damina. Ruwan shuka ya sauka, akuya na ɗaure a turke, kakana ya ce ba za a yanka ba. Ƙannensa suka ce zai jawo wa gida yunwa. Kakata ta kwana tana kuka, domin in gero ya ƙi, ko yaro ya mutu, kowa ya san wanda za a nuna. Ɗaya daga cikin ƙannen ya raba gandu ya fita da iyalinsa, bai ƙara cin tuwo a gidan ba har ya rasu. Geron shekarar bai fi na kullum ba, bai kuma kasa ba. Wannan ne tarihin da ban cika gani a littattafai ba. Ana rubuta cewa an kafa ikilisiyar ECWA a 1954, amma ba a rubuta tsoron manomin da ya fara shuka ba tare da jini ba.

Maƙwabtanmu Musulmi ba su yarda an gicciye Annabi Isa ba. Aya ta 157 ta Suratun Nisa'i ta kore haka sarai, kuma a wurinsu kowa kayan laifinsa yake ɗauka, tuba da rahamar Allah ke wanke shi. Bambanci ne na gaske, ba na son a shafa masa mai. Duk da haka naman layya na shigowa gidanmu kowace Babbar Salla, shinkafar Kirsimeti kuma na fita.

Yau Katsina na da dayosis na Angilika tun 1990, da na Katolika tun 2023, wanda bishop ɗinsa na farko, Gerald Mamman Musa, Bahaushe ne ɗan Malumfashi. Amma abin da ke damuna a cikin majami'u yake. Na zauna a taron da mai wa'azi ya ce wa matan ƙauye su kawo kuɗi a ambulan kafin Allah ya ɗauke musu ciwo da la'anar gida. Wata ta sayar da akuyarta ta kawo. Jikanyar Maguzawa ce kamar ni, kuma bayan an tashi na bi ta har bakin hanya na ba ta labarin kakana.