Jiragen New York da Mamatan Mubi: Wa Zai Riƙe Sunayen?

A watan Satumba na 2002, shekara guda bayan harin da ya rushe tagwayen benayen New York, matuƙan jiragen ruwa sun tara jiragensu a gaɓar tekun birnin don tunawa da mutum kusan 3,000 da suka rasu. Suna da dalilin yin haka a kan ruwa. Ranar 11 ga Satumba 2001, da aka rufe gadoji da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, jama'ar kudancin tsibirin Manhattan sun rasa mafita sai teku. Jiragen fito da na jan kaya da na masu zaman kansu suka amsa kiran dogarawan gaɓar teku, suka kwashe mutum wajen 500,000 cikin awa tara. A 2021, da abin ya cika shekara ashirin, sun sake yin jerin gwanon jirage a wurin. Amurka ta gina wa mamatan nan katafaren wurin tunawa, an zana sunan kowa a jikin tagulla, amma abin da ya fi jan hankalina shi ne na matuƙan: masu sana'a ɗaya ne suka ɗauki kayan aikinsu na kullum suka yi juyayi da su, a wurin da suka saba neman abinci.

Mubi ba ta da teku. Kogin Yedzaram da ya ratsa ta yakan janye da rani har yashi ya bayyana. Amma tana da mamata irin waɗannan, kuma hujjar da nake son kafawa ita ce, a gari irin Mubi ƙungiyoyin masu sana'a ne suka fi gwamnati, suka fi masu gina hasumiya, cancantar riƙe tunawa da waɗanda ta'addanci ya kashe, kuma aikinsu na farko shi ne tattara sunaye.

Abin da ya sami garin sananne ne. Ranar 6 ga Janairu 2012 'yan bindiga suka buɗe wuta a kan 'yan ƙabilar Ibo da suka taru suna shawarar yadda za a kai gawar ɗan'uwansu gida. A daren 1 ga Oktoba na wannan shekarar aka shiga unguwar Wuro Fatuji, inda ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ke haya, ana bi ɗaki ɗaki, ana kiran wasu da sunayensu ana kashewa. Ranar 1 ga Yuni 2014 bam ya tashi a Kabang cikin masu kallon ƙwallo. Ranar 29 ga Oktoba 2014 Boko Haram ta kama garin baki ɗaya, ta sauya masa suna zuwa Madinatul Islam, sai a tsakiyar Nuwamba sojoji da maharba da 'yan banga suka ƙwato shi. Bayan jama'a sun dawo sun fara sakin jiki, ɗan ƙunar baƙin wake ya shiga masallacin Madina a Unguwar Shuwa da asubahin 21 ga Nuwamba 2017, mutum aƙalla 50 suka rasu. Sai ranar 1 ga Mayu 2018, bam biyu a jere, ɗaya a masallaci, ɗaya kusa da kasuwar gwanjo a daidai inda mutane ke gudu.

A kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai alƙaluma biyu. A Wuro Fatuji hukuma ta ce 25, mazauna suka ce sun haura 40. A Kabang adadin hukuma bai kai 20 ba, shaidu suka ce wajen 40 ne. A harin 2018 jami'ai sun tsaya a ƙasa da 30, masu haƙar kabari kuwa suka shaida wa 'yan jarida cewa gawa 86 suka binne. Wannan tazara ta ƙarshe ta isa abin tsayawa a kai. Tsakanin lissafin ofis da lissafin maƙabarta akwai mutum fiye da hamsin, kowanne da uwa da uba, wasu da mata da 'ya'ya da bashin da ake bin su, kuma a takardar hukuma tamkar ba a taɓa haihuwarsu ba. Ba lalle ne a ce jami'ai ƙarya suka shirya ba. Sukan ƙirga gawar da ta isa asibiti, alhali Musulmi yakan ɗauki ɗan'uwansa daga inda ya faɗi ya yi masa sutura kafin rana ta faɗi. Amma ko da kyakkyawar niyya aka yi kuskuren, darasin ɗaya ne: wanda ya fi sanin gaskiyar adadin shi ne mai sana'ar da hannunsa ya taɓa aikin, wato mai diga da shebur.

Masanin zamantakewa ɗan Faransa Maurice Halbwachs ya nuna tun 1925 cewa mutum ba ya tuna abu shi kaɗai. Ƙungiyar da yake ciki, iyali ko addini ko sana'a, ita ke ba shi madogarar tunawa, kuma in ƙungiyar ta watse abin da take riƙe da shi yakan bi ta. Paul Connerton, a littafinsa na 1989 kan yadda al'ummai ke tunawa, ya ƙara da cewa abin da ke ɗorewa shi ne wanda aka maimaita da jiki a bukukuwa da ayyuka, fiye da wanda aka rubuta aka ajiye. In aka auna Mubi da wannan ma'auni za a ga inda giɓin yake. Iyali na tunawa da nasa, amma a cikin gida, kuma iyalai da yawa sun warwatsu zuwa Yola da Gombe da Kamaru. Ɗaliban da aka kashe a 2012 baƙi ne a garin, abokan karatunsu sun gama sun tafi. Gwamnati kuwa tana da ranar 15 ga Janairu ta tunawa da sojoji, kuma sun cancanta, sai dai ɗan gwanjon da ya mutu a bakin rumfarsa ba ya cikin wannan faretin. Ranar 21 ga Agusta da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2017 don waɗanda ta'addanci ya shafa, takan wuce a yawancin garuruwanmu ba a san ta zo ba.

Masu kama da matuƙan New York a ƙasarmu su ne masuntan tafkin Chadi, waɗanda da yawansu Hausawa ne da suka yi ƙaura daga Sakkwato da Kabi da Hadeja suna bin kifi. A Nuwamba 2014 an tare fataken kifi 48 kusa da Doron Baga aka hallaka su. A Janairu 2015 aka afka wa Baga da Doron Baga, hotunan tauraron ɗan'adam da Amnesty International ta fitar suka nuna gine-gine wajen 3,700 da aka ƙona ko aka lalata. Gwamnati ta ce mutum 150 ne suka mutu, wasu suka ce sun kai 2,000, wasu kuma ruwa ya cinye su suna ƙoƙarin tsallakewa. Waɗannan mutane suna da kwalekwale, suna da sarakunan ruwa, sun san yadda ake tara jirage don sun gaji bukin kamun kifi irin na Argungu. Abin da ba su da shi shi ne ruwan da za su taru a kai ba tare da fargaba ba. Mubi ta fi su sa'a ta wannan fuska, domin kasuwarta na ci, karar shanunta, wadda ke cikin mafiya girma a wannan yanki, ta dawo, makarantunta a buɗe suke. Tana da sararin yin abin da Baga ba ta samu damar yi ba tukuna.

Ƙorafi na farko da za a kawo na addini ne, kuma ba na raina shi. Musulunci ya hana gini a kan kabari, ya hana makoki mai ihu, kuma tun kafuwar Izala a Jos a 1978 ake ta ja-in-ja tsakanin malamai a kan sadakar uku da bakwai da arba'in. Duk wanda ya zo da shawarar kafa gunki ko ajiye furanni a Unguwar Shuwa bai san inda yake ba. To amma hana gina kabari daban, hana riƙe suna daban. Littattafan tarihin Annabi (SAW) irin na Ibn Hisham sun jera sunayen shahidan Badar da na Uhudu, kowa da ƙabilarsa, kuma da wannan jerin ne muka san su bayan shekara fiye da dubu da ɗari huɗu. A nan ƙasar Hausa, Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi waƙoƙin juyayin abokansa da suka faɗi a yaƙoƙin jihadi yana ambaton su, Nana Asma'u kuma ta bar marsiyoyi masu yawa. Hadisin sadaka mai gudana ma ya buɗe ƙofa a fili: rijiya, ko aji a makaranta, ko kuɗin karatun maraya, da sunan wanda ya rasu. Babu malamin Izala ko na ɗariƙa da zai ce rubuta sunan mamaci a littafi da ɗaukar nauyin ɗansa bidi'a ce.

Ƙorafi na biyu ya fi wuyar amsawa. Mutanen Mubi da yawa za su ce, an yi haƙuri, an bar wa Allah, me ya kawo tone-tone? A gari mai Fali da Gude da Fulani da Margi da Higgi da Hausawa da Ibo, mai masallatai da majami'u a unguwa ɗaya, inda wasu daga cikin waɗanda suka yi ɓarnar 'ya'yan gari ne da aka san iyayensu, shiru yana da amfaninsa, da shi ake iya gaisawa a kasuwa. Na yarda da wannan har zuwa wani matsayi. Inda na rabu da shi shi ne, shirun bai hana kowane ɓangare riƙe nasa lissafin a ɓoye ba. Kirista na tuna majami'un da aka ƙona da hedikwatar cocin EYN da aka kama a Kwarhi, Musulmi na tuna sahun asuba na masallacin Madina, kowa na ganin shi aka fi zalunta. Lissafi biyu da ba su taɓa haɗuwa ba, su ne abin da ɗan siyasa ke nema ranar da yake son raba kan gari. Haƙuri kuwa ba ya buƙatar mantuwa. Wanda ya manta ai ba shi da abin da zai yi haƙuri a kai.

A nan ne sana'a ta fi masallaci da majami'a dacewa da wannan aiki, ba don ta fi su daraja ba, sai don ita ce ta haɗa mutanen da wuraren ibada suka raba. A tashar mota direba Musulmi da direba Kirista layi ɗaya suke bi, kuɗin ƙungiya ɗaya suke biya. Haka 'yan gwanjo, da 'yan keke, da dillalan kara, da teloli, da maharban da suka shiga daji tare a 2014. Waɗannan ƙungiyoyi suna da shugabanni, suna da littafin mambobi, sun saba tara gudummawa in wani ya rasu. Sun san wanda rumfarsa ta zama kango, da wanda ƙanensa ya gaje ta. In direbobin Mubi, waɗanda wasunsu suka yi ta jigilar masu gudu zuwa Yola a ƙarshen Oktoba 2014, suka jera motocinsu a tasha rana ɗaya a shekara, aka karanta sunayen abokan aikinsu, liman ya yi addu'a, fasto ya yi tasa, aka miƙa abin da aka tara ga marayu, sun yi daidai abin da matuƙan New York suka yi, kuma babu wanda zai ce aro ne.

Akwai kuma maganar tsaro, domin mutanen Mubi ba su manta ba cewa waɗanda aka kashe a Janairu 2012 masu zaman makoki ne. Wannan ma hujja ce ga ƙananan taruka na masu sana'a, inda kowa ya san fuskar kowa, maimakon babban gangami a fili da baƙo zai saje.

An riga an gwada tattara sunaye a wannan yanki, kuma ya yiwu. Dakta Rebecca Dali ta cocin EYN ta bi sansanonin gudun hijira da ƙauyuka tana rubuta waɗanda aka kashe, har aka baje sunaye wajen 10,000 a taron cocin 'yan'uwa a birnin Tampa na Amurka a 2015. Aiki ne na jarumta, kuma yana da ciwo a ce mutanen Tampa sun tsaya gaban waɗannan sunaye sun karanta, alhali yawancin maƙwabtan mamatan ba su taɓa ganin jerin ba. Abin da mace ɗaya da 'yan mataimakanta suka iya cikin tsakiyar yaƙi, bai fi ƙarfin ƙungiyoyin kasuwa a lokacin da ƙura ta lafa ba.

Rabon aikin a bayyane yake. Ƙungiyoyi su kawo sunayen nasu, masu unguwanni da masu kula da maƙabartu su tabbatar, a ƙara da matan aure da yara da almajirai waɗanda ba su da ƙungiya, domin su ne za a fi saurin tsallakewa. Fadar Sarkin Mubi ta ba abin inuwa don kada ya zama na wata jam'iyya. Jami'ar Jihar Adamawa da ke garin da Kwalejin Tarayya, wadda ita ma ta yi rashin ɗalibanta, su karɓi kundin su adana, su tura ɗaliban tarihi su ɗauki muryoyin shaidu. Kowane shafi ya ƙunshi suna, da sunan uba, da unguwa, da sana'a, da rana, da inda aka binne mutum in an sani. Kada a saka sunan wanda ake zargi, wannan aikin kotu ne, kuma saka shi zai rusa yardar da ake buƙata. Gaggawar tana ga shaidu: yaron da aka goya aka gudu da shi a 2014 yanzu ya kai shekarun sakandare, dattawan da suka wanke gawawwakin 2012 kuma suna raguwa. Da masu haƙar kabarin da suka ƙirga 86 ya kamata a fara, tun suna iya nuna layin da suka haƙa da wanda ke kwance a cikinsa.