Intanet ta layin tarho: yadda take aiki da yadda ake haɗa ta da kwamfutar gida

Kafin wayar salula ta shiga aljihun kowa, duk wanda ke son aika saƙon imel daga gidansa a Yamai, ko Yawunde, ko Kano, sai ya sa kwamfutarsa ta buga waya tukuna. Wannan hanya ita ce Faransawa ke kira "bas débit", masu Ingilishi kuma su ce "dial-up". Da ita mafi yawan gidaje da ofisoshi a duniya suka fara shiga intanet a shekarun 1990, kuma tana aiki har yau a duk inda layin tarho na tagulla da kamfanin da ke karɓar kiran suka saura.

Abu ɗaya ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko: wannan haɗi kiran waya ne kamar kowane kira. Ana buga lamba, a ɗauka a can, layi ya kasance a riƙe har a ajiye. Wanda ya gane haka ya gane kayan da zai saya, da dalilin jinkirinta, da inda kuɗinsa ke tafiya, da abin da zai duba in ta ƙi haɗuwa.

Kira tsakanin na'ura biyu

An shimfiɗa layin tarho ne domin ya ɗauki muryar mutum, wato sautin da ke tsakanin hertz 300 da 3,400. Ita kuwa kwamfuta lambobi biyu kawai ta sani, 0 da 1. Na'urar da ke tafinta tsakaninsu ita ce modem: tana juya lambobin kwamfuta su zama sauti don su bi waya, sannan ta juya sautin da ya zo daga ɗaya ɓangaren ya koma lambobi.

Ƙugi da tsuwar da ake ji a farkon haɗi gaisuwa ce tsakanin modem ɗin gida da na kamfani. A cikin waɗannan ƴan daƙiƙoƙi kowanne yana gwada lafiyar layin, sannan su daidaita kan saurin da layin zai iya ɗauka. Bayan nan kwamfuta ta miƙa sunan shiga da kalmar sirri ta wata ƙa'ida da ake kira PPP, kamfani kuma ya ara mata adireshin IP na tsawon wannan kiran. In aka katse aka sake kira, galibi wani adireshin ake samu.

Tarihinta a taƙaice

Modem ɗin Bell 103, wanda kamfanin AT&T na Amurka ya fitar a 1962, bit 300 yake ɗauka a daƙiƙa. A 1981 kamfanin Hayes ya fito da Smartmodem, wanda kwamfuta ke iya ba umarni ya buga lamba da kansa. Umarnin nan masu farawa da haruffan AT su ne sauran kamfanoni suka kwaikwaya. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, UIT, ta amince da ƙa'idar V.34 a 1994 mai saurin kilobit 28.8, aka ƙara ta zuwa 33.6 a 1996. A 1998 aka samu V.90 mai kilobit 56, sai V.92 a shekarar 2000. Daga nan sauri bai ƙara gaba ba, domin layin murya ya kai iyakarsa.

A ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, masu bincike ne suka riga kowa. Cibiyar bincike ta Faransa, ORSTOM, wadda ta koma IRD a 1998, ta kafa wata hanyar sadarwa mai suna RIO da ke kai saƙonnin imel tsakanin birane irin su Dakar, Bamako, Wagadugu da Yamai, tun kafin intanet ta buɗe ga jama'a. Da ta buɗe a rabin ƙarshe na shekarun 1990, layukan suna hannun kamfanonin ƙasa: Sonitel a Nijar, Camtel a Kamaru, Nitel a Najeriya. Waɗanda suka yi aikin ofis a Nijar a wancan zamani za su tuna adireshin imel masu ƙarewa da intnet.ne. Da yake gidaje ƙalilan ne ke da layin tarho, mafi yawan mutane a shagunan intanet suka fara ganin abin.

Kayan da ake buƙata

Na farko, layin tarho na gida irin na waya, wanda in an ɗaga kan tarho ake jin sautin da ke nuna layi a buɗe yake. Wayar tebur mai aiki da katin SIM ba ta cikin wannan lissafi, ko da ta yi kama da tarhon gida.

Na biyu, modem. Akwai na ciki, wanda kati ne da ake sakawa a cikin akwatin kwamfuta. Akwai na waje, wanda ake haɗawa ta kafar COM a tsofaffin kwamfutoci, ko ta USB a sababbi. Tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa sun zo da nasu a jiki. Amfanin na waje shi ne fitilunsa na nuna abin da ke gudana, kuma in ya ƙone ba sai an buɗe kwamfuta ba.

Na uku, igiyar tarho mai ƙaramin kai da ake kira RJ-11. Ta yi kama da igiyar Ethernet, amma kanta ya fi ƙanƙanta, kuma ba a musanya su.

Na huɗu, rajista da kamfanin da ke ba da hidimar. Shi zai ba da abu uku: lambar da za a kira, sunan shiga da kalmar sirri. In da akwatin imel a cikin rajistar, zai ƙara da sunayen uwar garken karɓar saƙo, wato POP3, da ta aikawa, wato SMTP. A rubuta su a takarda a adana, domin in haɗi ya lalace babu intanet ɗin da za a shiga a nemo su.

Matakan haɗawa

A fara da gwada layin da tarho na yau da kullum. In akwai ƙara ko kwaramniya a cikinsa, modem ma zai ji ta. Sannan a ɗauko igiya daga bango a saka a kafar modem mai rubutun LINE. Kafa ta biyu mai rubutun PHONE ta tarho ce, ga mai son ya bar shi a haɗe. Juya waɗannan kafofi biyu na daga cikin kurakuran da masu farawa suka fi yi.

Bayan haka a kunna kwamfuta a girka manhajar da ke tafiyar da modem ɗin, wadda a da take zuwa a faifan CD. Daga nan a ƙirƙiri haɗin. A Windows 95 da 98 na Faransanci wurin sunansa "Accès réseau à distance". A Windows XP ana bi ta "Assistant Nouvelle connexion". A Windows 10 da 11 ana shiga "Paramètres", sai "Réseau et Internet", sai "Accès à distance". Ko wanne ne, tambayoyin ɗaya ne: lamba, sunan shiga, kalmar sirri.

Wajen rubuta lamba a yi hattara. In a ofis ne da ake danna 0 ko 9 kafin a samu layin waje, a sa wannan lambar a gaba, a biyo ta da waƙafi. Waƙafin na sa modem ya ɗan dakata kafin ya ci gaba. In layin na da tsarin sanar da kira na biyu, a kashe shi, domin ƙarar da yake yi na iya yanke haɗin. Kalmar sirri kuma tana bambanta manyan haruffa da ƙanana, kuma allon rubutu na AZERTY da na QWERTY ba su ajiye haruffa da lambobi wuri ɗaya ba.

Sai a danna maɓallin haɗi. Za a ji bugun lamba, a ji tsuwa, sannan shiru. Shirun nan alama ce ta nasara, kuma kwamfuta za ta nuna saurin da aka samu.

Saurinta a aikace

Kilobit 56 a daƙiƙa daidai yake da kilobayit 7. Ke nan megabayit ɗaya na cin kusan minti biyu da rabi, hoto mai megabayit 3 ya ci minti bakwai, gigabayit ɗaya kuwa kusan awa 40. Wannan kuma in layin ya ba da cikakken ƙarfinsa ne, abin da ba kasafai ake samu ba. Nisan gida daga cibiyar tarho, tsufan waya, da laimar da ke shiga mahaɗai duk suna rage shi. Aikawa ta fi saukewa jinkiri: a V.90 ba ta wuce kilobit 33.6, a V.92 kuma 48. Wancan hoton da aka sauke a minti bakwai, aika shi kan ci kusan minti 12.

Saƙon rubutu zalla bai wuce ƴan kilobayit ba, don haka yakan wuce cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Shafukan yau kuwa, da hotunansu da bidiyo da tallace-tallace, da yawa sun kai megabayit biyu ko fiye. Mai wannan haɗi zai iya imel da karanta rubutu, amma ya cire rai da kallon bidiyo.

Inda kuɗi ke tafiya

Sau da yawa biya biyu ake yi: kuɗin rajista ga mai ba da intanet, da kuɗin kira ga kamfanin tarho, wanda ake lissafawa da minti. Agogo na tafiya ko ana karatu, ko an tashi an tafi salla an bar kwamfuta a haɗe. In kuma lambar da ake kira ta wani gari ce, farashin kiran nesa za a biya. Wannan ya sa mazauna garuruwan da ba su da lambar shiga ta cikin gari suka fi mazauna babban birni jin jiki. Kafin a sa hannu a rajista, a tambaya: lambar ta cikin gari ce? Nawa ne minti? Akwai rangwame da dare ko a ƙarshen mako?

Waɗanda suka goge sun san dabarun tattali. Ana rubuta dukkan saƙonni a manhaja irin Outlook Express kafin a haɗa, a shiga a aika a karɓa, a fita, sannan a zauna a karanta a tsanake. Ana hana burauza buɗe hotuna. Ana saita kwamfuta ta katse da kanta in an yi wasu mintuna ba a taɓa ta ba. Ana kuma sanar da mutanen gida, domin muddin ana haɗe duk wanda ya kira zai tarar da layi a riƙe, wanda ya ɗaga tarho a wani ɗaki kuma zai iya yanke aikin da aka kusa gamawa.

In ta ƙi haɗuwa

Windows na nuna lamba ga kowace matsala, kuma kowacce na nuna matakin da kiran ya tsaya. Lamba 680 na nufin modem bai ji sautin layi ba: a duba igiya da kafar da aka saka ta, a tabbata ba a yanke layin don bashi ba. Lamba 676 na nufin lambar kamfani a riƙe take, sai a jira a sake gwadawa. Lamba 678 na nufin an kira ba a ɗauka ba, don haka a sake duba lambar. Lamba 691 na nufin an ɗauka amma an ƙi sunan shiga ko kalmar sirri, ko kuma rajista ta ƙare. Lamba 633 na nufin wata manhaja ta riga ta riƙe modem ɗin, galibi ta aika fas.

Haɗari biyu

Na farko shi ne tsawa. Da damina, aradu na iya faɗawa nesa da gida amma ƙarfinta ya biyo wayar tarho ya ƙona modem, wani lokaci har da kwamfutar. Kashe kwamfuta bai wadatar ba. Da zarar hadari ya haɗu, a zare igiyar tarho daga bango, a zare ta lantarki.

Na biyu shi ne wasu miyagun manhajoji da ke shiga kwamfuta su sauya lambar kamfani da wata mai tsada ta ƙasar waje. Mai gida ba zai sani ba sai takardar kuɗin wata ta iso. Kariyar ita ce a riƙa duba lambar da ke kan allo kafin a haɗa, a bar sautin modem a kunne don a ji in ya buga da kansa, a kuma nemi kamfanin tarho ya rufe kiran ƙasashen waje a layin in ba a buƙatarsa.

Inda aka kwana

ADSL, wadda ke bin waya ɗaya ba tare da riƙe layin murya ba, ita ta maye gurbinta a Turai. A Faransa kamfanin Orange ya daina buɗe sababbin layukan tarho na tsohon tsari tun 15 ga Nuwamba 2018. A Amurka kamfanin AOL ya rufe hidimarsa ta wannan hanya ranar 30 ga Satumba 2025. A yankinmu kuwa, mafi yawan jama'a ba su taɓa mallakar layin gida ba, sai suka shiga intanet kai tsaye ta salula. A Nijar ma an haɗe Sonitel da SahelCom a 2016 suka zama Niger Télécom.

Saboda haka, duk mai son gwada ta a yau, kada ya fara da sayen modem. Ya fara tambayar kamfanin tarho ko layinsa na tsohon tsarin tagulla ne, sannan ya tabbatar akwai lambar da za ta ɗauki kiransa. In babu wanda zai ɗauka a can, modem mafi tsada ma ba abin da zai nuna sai lamba 678.