Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, 1960–1977: Yadda Ta Girma da Abin da Ta Yi wa Hausa

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wata makaranta tun daga ƙuruciyarta har ta zama jami'a, watau Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano. Dalilin zaɓenta kuwa shi ne, a cikin shekarun da ta yi tana ƙarƙashin wata jami'a ne aka kafa harsashin nazarin Hausa irin wanda muke cin moriyarsa a yau, a Nijeriya da nan Nijar baki ɗaya.

Asalin kwalejin

Tushen abin yana komawa ne ga shekarar 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, lokacin da aka buɗe makarantar koyon shari'a a birnin Kano, aka ɗauko mata malamai daga Sudan. A 1947 aka faɗaɗa ta, ta koma makarantar nazarin Larabci. A harabarta ne, cikin 1960, aka buɗe wani sashe mai suna Kwalejin Ahmadu Bello, domin shirya ɗalibai masu ilmin Larabci su iya shiga jami'a. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sai aka bar mata sunan Sardauna, aka raɗa wa ta Kano sunan marigayi Sarki Abdullahi Bayero, ta zama tsangayar Larabci da addinin Musulunci ta sabuwar jami'ar.

Irin wannan tsari daɗaɗɗe ne a Afirka ta Yamma. Kwalejin Ibadan ta zauna a ƙarƙashin Jami'ar Landan daga 1948 zuwa 1962, haka kuma cibiyar ilmi mai zurfi ta Dakar ta dogara da jami'o'in Faransa tun 1950 kafin ta zama jami'a a 1957. Bambancin na Kano shi ne uwar tana nan gida, a Zariya. Kwaleji ita ke koyarwa, amma majalisar malamai ta uwar jami'a ce ke amincewa da manhaja da sakamakon jarrabawa, kuma da sunanta ake ba da digiri.

Shekarun rarrafe

A 1964 kwalejin ta koma wani mazauni na wucin gadi, a tsohon otel na filin jirgin saman Kano, ta ɗauki ɗalibanta na farko masu neman digiri, su goma cif. Shugabanta a lokacin shi ne Abdullahi al-Ɗayyib, mashahurin malamin adabin Larabci daga Sudan. Waɗannan ɗalibai sun kammala a 1966. Bayansa Hamidu Alkali ya riƙe shugabancin, sa'an nan Shehu Galadanci.

Da yaƙin basasar Nijeriya ya ɓarke a 1967, zama kusa da filin jirgi ya zama haɗari. Wannan na cikin abin da ya sa aka hanzarta komawa mazauni na dindindin a bayan ganuwa, kusa da ƙofofin Kabuga da Dukawuya, a kan hanyar Gwarzo. Can ne ake kira tsohuwar jami'a a yau.

Shekarar karatu kan fara ne a watan Oktoba, bayan damina, ta ƙare da jarrabawa wajen watan Yuni. Ɗalibin da bai cika sharuɗɗan shiga ba kan fara da ajin share fage, kafin ya shiga karatun digiri. Malamai daga wasu jami'o'i kan zo su duba takardun jarrabawar ƙarshe, don kada ma'auni ya sauka. Da yake ɗaliban kaɗan ne, malami kan san kowa da sunansa da inda yake da rauni. Bayan Larabci da addini, an riƙa koyar da tarihi da Turanci da Faransanci da Hausa, har kwalejin ta fara fitar da mujallar bincike mai suna Kano Studies tun cikin shekarun 1960.

Hausa ta shiga zauren jami'a

Kafin wannan lokaci, aikin raya rubutun boko yana hannun hukumomin gwamnati ne, kamar kamfanin Gaskiya na Zariya da Hukumar Hausa da aka kafa a 1955. Da aka raba Jihar Arewa a 1967, waɗannan ayyuka suka rasa uwa ɗaya mai kula da su. A nan ne kwalejin ta cike gurbi da kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya, wadda ta ɗauki Hausa da Fulatanci da Barbarci. Cibiyar ta riƙa buga mujallar Harsunan Nijeriya tun farkon shekarun 1970, ta tattara waƙoƙi da tatsuniyoyi da rubuce-rubucen ajami, ta kuma shirya tarurruka a kan ƙa'idojin rubutu. Daga aikinta ne Paul Newman da Roxana Ma Newman suka fitar da sabon ƙamus na Hausa zuwa Turanci a 1977.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne sauyin harshen koyarwa. A da, ana bayanin Hausa ne da Turanci, kamar yadda ake yi a Landan. A Kano kuwa malamai irin su M. K. M. Galadanci da Ɗandatti Abdulƙadir da Ibrahim Yaro Yahaya suka dage sai an karanta nahawu da adabi da Hausar kanta. Wannan ya tilasta neman kalmomi: aka aro wasu daga Larabci, kamar nahawu da adabi da wasali, aka ƙago wasu daga gida, kamar gaɓa da karin sauti. Da malaman farko ba su ƙoshi da Larabci ba, da wannan aro bai zo da sauƙi haka ba. Ƙamusun Hausa zuwa Hausa da Jami'ar Bayero ta buga a 2006 ɗa ne ga wannan yunƙuri.

Daga kwaleji zuwa jami'a

A 1975 gwamnatin tarayya ta ƙara yawan jami'o'i. Aka ɗaga ta Kano zuwa matsayin kwalejin jami'a mai majalisar gudanarwa tata, tare da na Ilori da Fatakwal, aka naɗa Mahmud Tukur shugabanta. Shehu Galadanci kuwa ya tafi ya buɗe Jami'ar Sakkwato. A 1977 aka yaye ta, ta zama Jami'ar Bayero, shekara 17 bayan buɗe ajin farko.

Rabon Nijar a ciki

A waɗannan shekaru Nijar ma tana nata ƙoƙarin. An buɗe cibiyar ilmi mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, kuma a wannan shekara aka fara gwajin koyarwa da Hausa a makarantar firamare a Damagaram. Sai dai tun bayan taron Bamako na 1966, rubutun ƙasashen biyu bai zama ɗaya ba. A watan Janairu na 1980 masana daga ɓangarorin biyu suka zauna a Yamai don daidaita shi, ƙa'idojin da aka goge a Kano suka zama abin dogaro. Ɗan bambancin da ya rage bai hana karatu ba, kamar harafin ƴ da Nijar ke rubutawa a inda Nijeriya ke sa 'y.

Amfanin wannan ya fi fitowa fili a bakin iyaka. Yaron Tanda, a ƙasar Gaya, Faransanci yake koya a makaranta. Takwaransa na Kamba, a jihar Kebbi, Turanci. Dendanci da Fulatanci suna nan a gidaje, amma Hausa kan haɗa su a kasuwa, kuma littafin da aka buga a Kano ko Zariya kowannensu na iya karanta shi.

Kammalawa

Tarihin wannan kwaleji ya nuna cewa zama a ƙarƙashin wata jami'a bai tauye ta ba. Ta samu sararin horar da malamanta da gina fanni ɗaya da kyau kafin ta ɗauki nauyin sauran fannoni. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Sababbin jami'o'inmu, irin ta Dosso da aka kafa a 2014, suna da abin dubawa a nan, musamman game da harsunan Dendi da ke jiran masu tattara su.