Sauya Gidan Zama da Ƙarin Harajin Sayen Gida a Ingila: Nazari kan Jadawali na 4ZA

Tsakure

Wannan maƙala ta duba ƙarin harajin da ake ɗora wa mai sayen gida a Ingila da Ireland ta Arewa idan yana da wani gidan, da kuma rangwamen da doka ta tanadar wa mai sauya gidan zamansa. An yi nazarin ne bisa tanade-tanaden Jadawali na 4ZA na Dokar Kuɗi ta 2003, tare da lissafin misalai a kan farashin harajin da ya fara aiki ranar 1 ga Afrilu 2025. Binciken ya nuna cewa rangwamen bai damu da yawan gidajen mutum ba, abin da yake tambaya shi ne wane gida aka sayar da kuma yaushe. Sakamakon haka nauyin kan sauka a kan wanda ba shi aka nufa ba, ciki har da baƙi mazauna ƙasar masu gida ɗaya a garinsu na asali.

Gabatarwa

Harajin hatimi tsoho ne a Ingila, tun 1694 ake karɓarsa. A watan Disamba 2003 aka maye gurbinsa, a ɓangaren filaye da gidaje, da harajin da ake taƙaita sunansa SDLT. Mai saye ne ke biya, kuma kwana 14 kacal yake da su bayan kammala ciniki ya miƙa takarda ga hukumar haraji ta HMRC. A watan Nuwamba 2015 ministan kuɗi George Osborne ya sanar da ƙarin kashi 3 cikin ɗari a kan sayen ƙarin gida, abin da ya fara aiki ranar 1 ga Afrilu 2016. Manufar da aka bayyana ita ce rage wa masu sayen gidaje don bayar da haya ƙarfi a kasuwa, domin masu neman wurin zama su samu sarari. Ministar kuɗi Rachel Reeves ta ɗaga ƙarin zuwa kashi 5 daga ranar 31 ga Oktoba 2024. Sikotland da Wales kowace na da nata tsarin, don haka ba su shiga wannan nazari ba.

Yadda dokar ke aiki

Ana duba halin mai saye ne a ƙarshen ranar da aka kammala ciniki. Idan a lokacin yana da wani gidan da darajar hakkinsa a ciki ta kai fam 40,000, ko a wace ƙasa gidan yake, ƙarin ya hau kansa, sai fa idan sabon gidan maye gurbin gidan zamansa yake yi. Ana ɗaukar miji da mata tamkar mutum ɗaya matuƙar ba su rabu ba, gidan da yaro ɗan ƙasa da shekara 18 ya mallaka kuwa ana lissafa shi a kan iyayensa. Idan mutum biyu suka haɗa kuɗi suka saya, ɗaya ya faɗa cikin sharaɗin, to duk cinikin ya faɗa.

Rangwamen sauya gida hanya biyu gare shi. Wanda ya riga ya sayar da tsohon gidansa cikin shekara uku kafin sayen sabon, kuma ya zauna a cikinsa a matsayin ainihin gidansa a wani lokaci cikin waɗannan shekaru, ba zai biya ƙarin ba tun farko. Wanda kuwa ya fara saye kafin ya sayar, dole ya biya, sannan ya nemi a mayar masa idan ya sayar da tsohon cikin shekara uku. Yana da wata 12 daga ranar sayarwar, ko daga ranar ƙarshe ta miƙa takardar harajin idan ita ce ta fi nisa, ya shigar da buƙatarsa. Mutum ba ya zaɓar gidan da zai kira na zamansa kamar yadda ake iya yi a harajin ribar kadara. HMRC na duba zahiri: ina iyali suke kwana, ina yara ke makaranta, ina ya yi rajistar zaɓe da ta likita.

Lissafin misalai

A ɗauki gidan fam 400,000. A farashin yau da kullum babu haraji a kan 125,000 na farko, kashi 2 ne a kan 125,000 na biye, kashi 5 a kan sauran 150,000. Jimla fam 10,000. Da ƙarin kashi 5 a kan dukan kuɗin, harajin ya koma fam 30,000. Wanda bai taɓa mallakar gida ba a ko'ina a duniya kuwa fam 5,000 zai biya, saboda rangwamen masu sayen farko.

Yanzu a kwatanta mutum uku masu sayen wannan gida domin su zauna a ciki. Na farko yana da gidajen haya goma, ya sayar da gidan da yake zaune ya sayi wannan: fam 10,000 zai biya, gidajen hayarsa ba su taɓa shi ba. Na biyu gida ɗaya gare shi, bai samu mai saye a kan lokaci ba, ya saya kafin ya sayar: zai biya 30,000, a mayar masa da 20,000 daga baya. Na uku ɗan haya ne a Manchester, amma yana da ƙaramin gida a wani gari da bai taɓa zama a ciki ba: zai biya 30,000, kuma ko ya sayar da wancan gidan washegari ba za a mayar masa da ko sisi ba, domin abin da ya sayar ba gidan zamansa ba ne, gidan da ya bari kuwa ba nasa ba ne balle ya sayar.

Tattaunawa

A ganina a nan ne dokar ta saɓa wa manufarta. An kawo ta don a kare mai neman wurin zama daga mai tara gidaje, amma ga mai gidaje goma ya wuce salin-alin, ɗan haya mai neman gidan zamansa na farko ya biya ninki uku. Hujjar masu tsara dokar a fili take, kuma tana da ƙarfi: na farkon bai ƙara yawan gidajensa ba, na ukun ya tashi daga ɗaya zuwa biyu. Sai dai wannan ma'auni yana ƙirga gidaje ne, bai duba abin da za a yi da su ba. Gidan da na ukun ya saya bai fita daga hannun mazauna ya koma kasuwar haya ba, shi kansa ya fita daga layin 'yan haya. Ba a ga ɓarnar da harajin ke hukuntawa a nan ba.

Lamarin ya fi tsanani ga baƙi, kuma Hausawa mazauna Birtaniya na ciki. Likita ko malamin jami'a da ya gina gida a Kano ko Kaduna kafin ya tafi, ko bayan ya tafi, ya rasa rangwamen masu sayen farko, kuma idan darajar gidan ta kai fam 40,000 ƙarin ya hau kansa. Gidan da ke Nasarawa GRA a Kano ba ya gogayya da kowa a kasuwar Leeds, amma doka ba ta bambanta ba. Gado ma haka: rabon da bai wuce rabin gida ba ana kawar da kai daga gare shi na shekara uku bayan an gada, daga nan kuma ana lissafa shi idan ya kai waccan daraja. Wanda ya san gidan gado a ƙasar Hausa ya san cewa sayar da rabon mutum ɗaya, ana zaune da uwa da ƙanne a ciki, ba abu ne da ake yi don gudun harajin wata ƙasa ba. Ga kuma matsalar ƙiyasi, tunda darajar naira a kan fam na iya sauya matsayin gida ɗaya daga shekara zuwa shekara.

Mutum na biyu a misalin kuwa matsalarsa ta kuɗin hannu ce. Fam 20,000 da zai ajiye wa gwamnati na iya zama abin da zai hana cinikin, musamman ga tsofaffi masu komawa ƙaramin gida. Wannan ya zo daidai da abin da masu bincike Hilber da Lyytikäinen suka gano a 2017, cewa harajin hatimi na rage ƙaurar gidaje, galibi ta kusa, da kuma shawarar Nazarin Mirrlees na 2011 cewa a soke harajin baki ɗaya.

Sharaɗin rabuwa da tsohon gida ɗungurungum shi ma tarko ne. A watan Satumba 2025 Angela Rayner ta sauka daga muƙamin mataimakiyar firaminista bayan ta amsa cewa ba ta biya cikakken haraji ba a kan gidan fam 800,000 da ta saya a Hove. Ta sayar da rabonta na gidan iyali a Ashton-under-Lyne ga asusun amanar da aka kafa don ɗanta, amma da yake yaron bai kai 18 ba, doka ta ci gaba da ɗaukarta a matsayin mai gidan. Bambancin shi ne tsakanin fam 30,000 da 70,000. Ita ce kuma ministar gidaje a lokacin, abin da ke nuna irin wahalar da talaka zai sha wajen gane waɗannan sharuɗɗa cikin kwana 14.

Gyara mafi sauƙi shi ne a faɗaɗa damar mayar da kuɗi ta haɗa da wanda ya sayi gidan zamansa na farko, muddin ya sayar da ɗaya gidan cikin shekara uku, ko ya taɓa zama a ciki ko bai taɓa ba. Na biyu, a ɗaga iyakar fam 40,000, wadda ba a taɓa ta ba tun 2016 duk da tashin farashin gidaje. Batun gidajen ƙetare ya fi wuya, domin cire su gaba ɗaya zai buɗe ƙofa ga attajirai masu kadarori a Dubai ko Faransa, don haka yana buƙatar nazari na daban kan wata iyaka ta musamman ga rabon gado.